Molon da Ke Rataye a Ɗakin Dada

Zuwa ga 'yata Uwale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya kai ki Yagwa lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikinki na fari. Ki karanta takardar nan da zarar mota ta bar Garwa, kada ki bari sai kin isa, domin akwai aike a cikinta da za ki sauka ki yi mini a Gidar. Dogon ƙunshin nan da na sa aka ɗora a kan kayanki, wanda aka naɗe da tsohon zanen Dadarku mahaifiyarki, shi ne aiken. Molon kawunki Hamadu ne. Kin sha ganinsa rataye a ɗakinta, kin sha tambayata, ni kuma na sha ce miki mantawa ya yi da shi. Bai manta ba, ƙwace shi na yi.

Na san da ƙyar kika yarda za ki tafi. Tun ranar da likita ya ce ciwon nan nawa ya shiga ƙashin baya kike neman dalilin da za ki mayar musu da takardar aiki ki zauna jinyata. Ba za ki zauna ba. Goggonki Ladi tana nan, kuma surutunta kaɗai ya isa ya hana mutum mutuwa da wuri. Abin da nake bukata a wurinki ba shafa baya ba ne. Ina so in ga Hamadu a cikin gidan nan tun ina gane fuskar mutane, kuma ba ni da bakin kiransa. Kafin ki tsaya a gabansa ya kamata ki san abin da ubanki ya yi, don kada ki je kina kare wanda bai cancanci kariya ba. Ke malamar asibiti ce yanzu, masu ciwo irin na Dada za su zo hannunki, su da mazajensu masu hali irin nawa.

Bari in faro daga aure. Mu jikokin Kanawa ne, fatake, tun kakana ake sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa da sunan gidanmu. Dadarku kuwa 'yar makaɗi ce. Mahaifinta molo yake kaɗa wa Fulani masu shanu, in sun sayar sun sami kuɗi su zauna ya wasa su da kakanninsu. Na gan ta ne a wajen wani biki, shekarar da mulki ya bar hannun mutanenmu na arewa, lokacin da kowa a Garwa ke tafiya kamar an yi masa mutuwa, ni kaɗai nake washe baki. Babana ya ce ba a taɓa kawo jinin roƙo gidan nan ba. Da na nace, aka yarda bisa sharaɗi ɗaya: ta shigo ita kaɗai, kiɗa ya tsaya a waje. Ni da kaina na kai mata wannan magana, ina jin kaina jarumi. Ta sunkuyar da kai ta ce, "To." Na ɗauki wannan "to" a matsayin yarda, na rayu a kanta shekaru masu yawa. Wani lokaci in na dawo kasuwa ba zato sai in ji tana daka tana rera wani abu da Fillanci, da ta ji takuna sai muryar ta ɗauke, taɓarya kaɗai ta ci gaba. Ban taɓa ce mata ci gaba ba. Uwale, in mutumin da ba shi da ikon cewa a'a ya ce miki to, ba ki sami amsa ba tukuna. Ki koma ki sake tambaya a ranar da yake da ikon ƙi.

Da ciwon daji ya kama ta a nono, aka yi aiki, muka ce an rabu da shi. Ashe ya lallaɓa ya shiga ƙashi. Kina Ngaundare a makaranta a lokacin, in kin zo hutu takan sa a yi mata lalle, ta zauna da kyau, ta yi ta tsokanarki har ki koma. Abin da ba ki gani ba shi ne sauran kwanakin. Kin san mutanen Dada da abin da suke kira munyal, wato dauriyar da ba a yarda a ce wayyo ko da ana yanka mutum. Ta haife ku duka ba wanda ya taɓa jin kukanta a tsakar gida, kuma ni har alfahari nake yi da hakan a cikin abokai. Kullum da safe in leƙa ɗakinta in ce, "Yaya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, Alhaji." In ce alhamdu lillahi, in ɗauki hulata in tafi kasuwa da zuciya wasai.

Akwai tabarmar kaba da take kwanciya a kai da rana, don katifa na ƙara mata zafi. Na lura bakin tabarmar ya zazzage, duk an warware saƙar gefe guda. Na yi ta faɗa cewa ɓeraye sun yi yawa a gidan, har na sayo musu magani. Aka canja tabarma, sabuwar ma ta zazzage a daidai wurin. Sai daga baya ƙwarai na gan ta da idona: in ciwon ya taso, takan kama bakin tabarmar ta yi ta tsinke kabar da farce, zare bayan zare, fuskarta ba ta nuna komai. Kukanta ke nan, ni kuma ina zagin ɓera. Saboda haka, 'yata, a ƙasar nan tamu "da sauƙi" gaisuwa ce, ba bayanin ciwo ba ne. In kin tambayi majinyaci ya ce da sauƙi, ki amsa gaisuwar, sannan ki ja kujera ki zauna. Ki dubi hannunsa, ki dubi yadda yake jan numfashi in zai juya, ki dubi kwanon abincin da aka fitar. In mace ce kuma mijin yana tsaye a kanta, ki aike shi sayo ruwa.

Likitar da ke duba ta wata Bashuwa ce 'yar Kuseri, mai Hausa da karin Larabci, ba ta da tsoron manyan riguna. Ita ta fara gane halin da ake ciki. Ta rubuta morfin, na ruwa, ta kira ni gefe ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce a ba ta a kan lokaci, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, kada a jira sai ya taso. Ta ce kwanakin farko za ta yi yawan gyangyaɗi, zai wuce. Ta ce cikinta zai bushe, ga abin da za a haɗa mata da shi. Na yi ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, alhali tun da na ji sunan maganin kunnena ya toshe.

Ki tuna shekarun. Hanyar Kuseri ta lalace, kasuwa ta mutu, samari sun rasa abin yi sun hau moto, wato babur ɗin haya, ƙwayar taramol kuma ta cika gari kamar gyaɗa. Da idona na ga ɗan maƙwabcinmu ya faɗi a bakin masallaci yana kumfa. Da aka ce mini morfin yayan taramol ne, sai na ga a raina matata a kwance tana kumfa, na kuma ji bakin mutanen kasuwa: matar Alhaji wane ta zama 'yar ƙwaya. Har wurin limamin unguwa na je, ina fata ya ce haramun ne in samu madogara. Bawan Allah ya ce, "Alhaji, likita ya rubuta, larura ce, ba ta. Allah bai ɗora wa mara lafiya azabar da ke da magani ba." Na fito ina jin haushinsa. Kin ga dai ba addini ne ya hana ni ba, ban kuma da ikon laƙaba masa.

Na sayo maganin, na ba ta kwana biyu yadda aka ce. Ta yi ta barci, in na yi mata magana ta amsa a hankali. Na ce shi ke nan, an fara. Na saka kwalbar a adakata na kulle, na jefa makullin a aljihu. Na kafa dokata: sai ciwo ya kai inda ba za ta iya ba, sannan ta faɗa mini in ba ta. Ki duba wautar nan da kyau. Matar da ba ta taɓa cewa wayyo ba, ita na ce sai ta roƙa. Kuma makullin yana kasuwa tare da ni tun safe har la'asar. Da muka koma asibiti likitar ta ɗaga kwalbar ta ga ba ta ragu ba, ta dube ni ta ce, "Alhaji, kai kana jira sai zunubi ya yi maka nauyi sannan ka yi salla, ko in lokaci ya yi kake tashi?" Na yi dariyar yaƙe, na ce za a gyara. Ban gyara ba.

Kulle maganin ba laifi ba ne, irin wannan magani ba a barinsa inda yara da baƙi ke kai hannu, kuma ke ma ki riƙa faɗa wa mutane haka. Laifina shi ne tafiya da makullin, da mayar da kaina likita. Shawarata a nan ita ce, in kin ba da irin wannan magani, kada ki tsaya ga majinyaci kaɗai. Ki nemo mai riƙe da makulli a gidan, miji ne ko uwar miji ko babban wa, ki tambaye shi abin da yake tsoro. Kada ki yi masa dariya, tsoronsa yana da tushe, ya ga abin da ƙwaya ta yi wa 'ya'yan mutane. Ki nuna masa bambancin yaron da ke haɗiya don ya bugu da matar da ake auna wa don ta iya juyawa a shimfiɗa. In ya gyaɗa kai da sauri, bai ji ba.

A wannan zuwan ne likitar ta kawo zancen kiɗa. Ta ce magani yana kama ciwo a jiki, amma zuciyar mai ciwo takan zauna ne a bakin ƙofa tana jiran dawowarsa, kuma jiran kansa yana ƙara zafi. Ta ce in aka ba da magani, sannan aka sa wa mutum abin da kunnensa ke so, jiki yakan saki, numfashi ya daidaita, maganin ya sami wurin zama. Ta ce ba madadin magani ba ne, abokin tafiyarsa ne. Sai ta juya ga Dada ta ce, "Hajiya, me kike son ji?" Kafin ta buɗe baki na ce, "Karatun Alƙur'ani." Gaskiya ne tana sonsa, kuma yana kwantar mata da hankali har ranar da ta cika. Amma likitar ba ta ɗauke ido daga kanta ba, ta ce, "Bayan shi fa?" Dada ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, "Shi ke nan."

Ban san wanda ya kai labari Gidar ba, ina zargin Goggonki Ladi, ita kuwa har yau rantsuwa take yi. Hamadu ƙanen Dada ne, Adda yake ce mata, shi ya gaji molon mahaifinsu. Duk tsawon aurenmu in ya zo gaishe ta yakan bar molon a tasha wurin wani abokinsa, ya shigo hannu rabbana, kuma ko haka ban taɓa shimfiɗa masa tabarma a zaure yadda ake yi wa suruki ba. Ta ƙaramar ƙofar baya yake shiga, ta wajen murhu.

Wata ranar Alhamis ciwon ya tsananta da safe har na ga gumi na bin goshinta, na buɗe adaka na ba ta maganin kafin in fita. Kasuwa ba ciniki, na rufe kanti da azahar na dawo. Tun daga zaure na ji sautin, a hankali ƙwarai, kamar mai kaɗawa yana tsoron tada jariri. Na tsaya. Ta labule na hango Hamadu zaune a ƙasa, molo a cinyarsa, ita kuma tana zaune, Uwale, zaune da bayanta ba jingina, ƙwaryar kunu a hannunta. Yana jan baiti da Fillanci tana karɓa masa. Waƙar da mahaifinsu kan yi ce in shanu za su ƙetare Binuwai. A wani wuri ya yi kuskure da gangan, ta ce, "Kai Hamadu, ba haka Baba ke cewa ba," ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta har na manta. Wallahi daɗi ya kama ni, hawaye ya zo mini.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Wani abokin kasuwancina ne ya biyo ni duba mara lafiya, yana tsaye a ƙofar zaure, ya karkata kai yana saurare. Gira kawai ya ɗaga. Wannan girar ita ta kashe ni. Na shiga ɗakin na fizge molon daga hannun Hamadu, na ɗaga murya yadda na waje zai ji, na ce, "Gidan nan ba gidan maroƙa ba ne. Mace tana kwance tana neman cikawa da imani ka zo kana tara mata shaiɗanu?" Hamadu bai yi kokawa da ni ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Alhaji, ba roƙo na zo yi ba. Adda ce ta ce bayanta na ciwo." Ya durƙusa ya yi mata sallama, ya fita ta ƙofar da ya saba. Ita kuwa ta ajiye ƙwaryar kunun a hankali, ta kwanta, ta juya fuska bango.

Mutumin da na yi wa wannan bajinta ya zauna ya sha ruwa, ya yi addu'a, ya tafi. Bayan shekara ya cinye mini kaya ya koma Marwa. Don girarsa na kori surukina. Uwale, duk ranar da kika ji za ki yi wani abu don wanda ke tsaye a bakin ƙofa ya gani, ki tuna shi gidansa zai koma ya yi barci, ke za ki kwana da abin. A asibiti ma za ki gamu da masu ɗaga gira, in sun ga kin bar tsohuwa ta sa waƙar ƙauyensu a waya, ko kin bar ɗan ƙabilar Masa ya kawo wa ubansa abin busawarsu. Ki tambayi mai ciwon, shi kaɗai, kuma ki karɓi abin da ya zaɓa ko da kunnenki bai san daɗinsa ba. Wani karatu zai ce, wani waƙar coci, wani kiɗan noma, wani kuma shiru yake so. Ba ke za ki zaɓa masa ba, ba kuma mai gida ba.

Da a nan wautata ta tsaya da da sauƙi. Bayan tafiyar Hamadu ta daina cin abinci sosai. Kunya ta hana ni kiransa, sai na zauna a bakin gadonta ina kame-kame, na ce in akwai wani abu da take son ji, a hankali, ƙofa a rufe, ba laifi. Sai ta nuna mini ƙasan akwatinta. Tsohon kaset ne na mahaifinta, wani mai shanu ya ɗauka a wajen suna, tun tana amarya take ɓoye da shi a gidana. Na nemo tsohuwar rediyo na sa mata. Sai kuma shaiɗanin lissafi irin na 'yan kasuwa ya shige ni. Na ce a raina, ai ranar nan kiɗa ne ya tashe ta zaune. Tunda kiɗa na yi mata aiki, me za a yi da ƙwaya? Na manta sarai cewa da safen ranar na ba ta maganin da hannuna. Na daina buɗe adaka gaba ɗaya, in ciwo ya taso sai in danna kaset, in zauna ina jiran mu'ujiza.

Ta jure mini kwanaki. Ranar da abin ya kai maƙura, ina zaune, muryar mahaifinta na tashi daga rediyo, yatsunta na tsinkar tabarma har farce ya fashe, sai ta ce, "Alhaji, kashe." Na ce ai waƙar Baba ce. Ta ce, "Shi ya sa. Kada ciwon nan ya ɓata mini ita. Ita kaɗai ta rage mini." Tun da na aure ta ba ta taɓa ba ni umarni ba sai ranar. Na kashe, na je na buɗe adaka, na kawo kwalbar da makullin duka na ajiye a gabanta.

Wannan ki riƙe shi da hannu biyu, domin shi ne abin da na saya da tsada. Kiɗa ba ya maye gurbin magani. In ciwo ya yi ƙarfi ba a danne shi ba, waƙar da mutum ya fi so a duniya takan zama masa hayaniya. Maganin kuma shi kaɗai yakan kashe zafin ya bar mutum kwance yana kallon rufi, yana jiran dawowarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki ba da maganin a kan lokacinsa, yadda likita ya auna, ki jira ya fara aiki, sannan ki sa abin da mutum ya zaɓa, ba da ƙarfi ba. In wani mai gida ya ce miki tunda waƙa na taimakawa a rage magani, ki ce masa wannan shawarar likita ce ba tasa ba, ki kuma ba shi labarin ubanki, na yafe miki.

Daga ranar aka bi ƙa'ida. Goggonki ta karɓi makulli, tana ba ta a kan lokaci, in an jima a sa kaset. Makonnin nan na ƙarshe su ne mafi sauƙi da ta samu a duk jinyar. Gyangyaɗin da ya tsorata ni ya wuce kamar yadda likitar ta faɗa. Ta ci abinci, ta yi salla a zaune, har kitso aka yi mata. Ba ta zama 'yar ƙwaya ba, Dadarku ce dai, sai dai ba ta tsinkar tabarma. Duk lokacin da na tuna cewa watannin da suka gabata ma haka za su kasance da ban sa makulli a aljihu ba, sai in ji abinci ya fita raina.

Abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Kaset ba ya kuskure, Alhaji, ba wanda zan gyara wa. A kira mini Hamadu." Na ce to. Irin tata "to" ɗin na yi mata, ta baki. Ina ta juya yadda zan yi in kira shi ba tare da na ba da haƙuri ba. Na ce bari a ga bayan Juma'a. Na ce bari in sami mai zuwa Gidar in ba da saƙo, kamar babu waya a duniya. Girman kai rawanin tsiya, na naɗa shi har ya rufe mini ido. Ta sake tambaya sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Ta rasu da hantsi, molon yana rataye a bango saitin idonta, inda na rataye shi da kaina don in nuna mata ban ƙona shi ba. Hamadu ya zo jana'iza, ya yi mata salla, ya raka ta makwanci. A ƙofar masallaci ya miƙa mini hannu ya ce Allah Ya ba da haƙuri, ya wuce tasha. Bai tako gidan nan ba har yau. In za ki ba da haƙuri, 'yata, ki ba da shi da rana tsaka tun yana da amfani. Ni na tsaya gyara kalmomi har mai jin su ta tafi.

Yanzu ga shi abin ya zagayo kaina. Jiki magayi. Ni da na ce mace ta jira sai ta kasa, ban kai ko rabin inda ta kai ba na fara kiran sunan Allah da ƙarfi har maƙwabta na aiko tambaya. Ba ni da munyal ko na ƙwayar gero, Goggonki ta ce da ni ne mai haihuwa da gidan nan bai wuce ɗa ɗaya ba. Ina shan morfin ɗina a kan lokaci, ba gardama, makulli na ɗaure a bakin zanenta. Yana aiki. Amma in zafin ya lafa sai in rasa inda zan ajiye zuciyata, ta koma kan tabarmar nan. Ina sauraren karatu, yana yi mini daɗi. Likita ya tambaye ni, bayan shi fa? Na ce masa shi ke nan, kamar yadda ta ce. Kaset ɗin rediyo ta tauna shi bara, ya tsinke. Yaran gida sun cika mini waya da waƙoƙi, ba wadda ta shiga. Ashe duk duniya waƙa ɗaya kunnena ke nema, ta shanu masu ƙetare Binuwai, wadda na ji daga zaure ban bari aka kai ƙarshenta ba. Ban ma san yadda take ƙarewa a bakin Hamadu ba.

To ga aiken. In kun isa Gidar ki sauka, ko da za ki rasa motar ki kwana. Kowa a bakin kasuwa ya san gidansa. Ki gaishe shi yadda ake gaida kawu, ki durƙusa. Ki ba shi molon tun kafin ki ce komai a kaina, domin nasa ne, ba fansa ba ce. Na sa an shafa wa fatar mai, amma tsirkiya ɗaya ta tsinke, ban bari kowa ya taɓa ba. Kada ki fara da zancen ciwona, ba na so tausayi ya jawo shi inda zuciyarsa ba ta so. Ki ce masa Alhaji ya ce ya zalunce shi, ya zalunci Addarsa, kuma ta neme shi kafin ta cika, ni na hana saƙon isa. Wannan bai sani ba, kuma hakkinsa ne ya sani, ko da zai ƙara tsanata. In ya tambayi lafiyata, sannan ki faɗa masa gaskiya. In ya ce ba zai zo ba, kada ki roƙe shi, kada ki yi kuka, yana da gaskiya. Ki karɓi albarkarsa ki wuce Yagwa ki kama aikinki.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa hannunki ya zama sanyi ga masu ciwo, Ya ba ki kunnen jin abin da ba a faɗa ba. Allah Ya kiyaye ki daga ruwan Logon da zazzaɓin ƙasar shinkafa, Ya ji ƙan Dadarku, Ya yafe wa ubanki. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki kira Goggonki ko don ta sami wanda za ta yi wa ƙorafina.

In kuwa ya ce zai zo, ki gaya masa na sa an toshe ƙofar baya. Ya zo da rana, ta zaure, da molonsa a fili. Zai tarar da tabarma a shimfiɗe, kuma duk wanda ke son ɗaga gira ya zo ya ɗaga.

Ni ne mahaifinki,
Alhaji Mamman
Garwa